Rajistar Aiki: Ƙwayoyin Kansar Huhu da ke Lafewa a Ƙarƙashin Osimertinib

Litinin, 13 ga Janairu

Tambayar aikin guda ɗaya ce. Idan maganin farko ya kashe mafi yawan ƙwayoyin kansa, sai ragowa suka lafe, ba su mutu ba kuma ba sa hayayyafa, shin akwai magani na biyu da za a ba su a wannan tsakanin ya hana su sake tsirowa? Misalin da aka ɗauka shi ne kansar huhu mai sauyin gado a EGFR, furotin da ke ba ƙwaya umarnin hayayyafa, da maganin osimertinib mai toshe shi, wanda majinyata ke sha miligiram 80 a kullum. A gwajin FLAURA da aka buga a 2018, rabin waɗanda suka sha shi sun kai wata 18.9 ciwon bai ci gaba ba, masu shan tsofaffin magungunan EGFR, gefitinib ko erlotinib, kuwa wata 10.2. Magani ne mai kyau, amma idan ciwon ya riga ya bazu a jiki, kusan kullum yakan dawo.

Dawowar tana da hanya biyu. Ta farko, tun kafin a fara magani akwai tsirarun ƙwayoyi da ke ɗauke da sauyin gadon da ke sa su bijire masa, maganin sai dai ya share musu fili. Ta biyu, ƙwayar ba ta da wani sauyin gado, sai dai ta rage aiki ta jure, daga baya ta samo sauyin. Ta biyun ce aikinmu. Sreenath Sharma da Jeffrey Settleman na asibitin Massachusetts General ne suka fito da ita fili a 2010: sun zuba wa PC9, ƙwayoyin kansar huhu da ake rainowa a ɗakin gwaji, erlotinib maikromola 2 na kwana 9, kimanin uku cikin dubu suka tsira, kuma kusan kashi ɗaya cikin biyar na waɗannan suka koma hayayyafa alhali maganin na nan. Da aka janye maganin na wani lokaci, zuriyarsu ta koma mutuwa da shi kamar da. Su ne muke kira masu lafewa a wannan rajista.

An tsayar da ma'aunin nasara tun yau don kada a sauya shi idan sakamako ya fara fitowa: yawan gungun ƙwayoyin da suka sake tsirowa bayan makonni. Yawan waɗanda suka mutu cikin sa'o'i 72 bayani ne na gefe. Magani na iya kashe tara cikin goma na masu lafewa, gudan da ya rage ya cika faranti.

Kayan aiki: ƙwayoyin PC9 masu gutsurewar ekson 19 na EGFR, ruwan raino RPMI-1640 da FBS (siram na jinin ɗan tayin saniya) kashi 10 cikin ɗari, inkubeta a digiri 37 da iskar CO2 kashi 5. An aika samfur don gwajin STR a tabbatar PC9 ɗin ne da gaske, an kuma yi PCR don neman maikoplasma, ƙananan bakteriya masu gurɓata raino. An daskare bututu 20 a dashe guda (dashe shi ne mayar da ƙwayoyi sabon faranti idan sun cika), ba kuma za a yi aiki da ƙwayar da ta wuce dashe 10 daga narkarwa ba. Ba a sa maganin kashe bakteriya a ruwan raino ba, domin yana ɓoye gurɓata a gwajin da zai yi wata biyu.

Alhamis, 16 ga Janairu

Haɗa magunguna. Osimertinib yana zuwa iri biyu: tsantsarsa mai nauyin 499.6, da gishirinsa na mesylate mai nauyin 595.7. Don uwar haɗi, wato haɗi mai kauri da za a riƙa sirkawa, ta milimola 10 a mililita 1 na DMSO, ruwan da ake narka maganin a ciki, na farko miligiram 5.0 ake aunawa, na biyu 5.96. Wanda ya auna mesylate da lissafin tsantsa zai sami milimola 8.4 yana zaton 10 ce, duk alƙaluman da zai fitar daga baya kuma sun karkace. A duba kwalba kafin a hau sikeli.

RSL3, magani na biyu da za a gwada, mai toshe wani enzayim da ake kira GPX4, mai nauyin 440.9, miligiram 4.41 a mililita 1. An raba kowace uwar haɗi maikrolita 10 a ƙananan bututu, an ajiye a firiza mai digiri 80 ƙasa da sifili. Ferrostatin-1, liproxstatin-1, ML210 da Z-VAD-FMK duk haka aka yi musu. Deferoxamine a ruwa ake narka shi, sabo kowane lokaci.

Litinin, 27 ga Janairu

STR ya dace, maikoplasma babu. An gwada ƙarfin osimertinib a faranti mai ramuka 96, ƙwayoyi 2,000 a kowane rami, matakai tara daga nanomola 1 zuwa maikromola 10, na sa'o'i 72. Adadin da ke rage rayayyu da rabi bai kai nanomola 50 ba, daidai da abin da aka saba gani a PC9.

Ramukan gefe sun ba da lambobi daban da na tsakiya, saboda ruwansu ya fi saurin ƙafewa, gishiri da magani su yi kauri. Daga yanzu ramuka 36 na kewaye ruwan gishiri na PBS za a cika su da shi, a yi aiki da 60 na ciki kawai.

An zaɓi nanomola 300 don samar da masu lafewa. Ya ninka abin da ake buƙata don toshe EGFR sau da yawa, bai kuma kai inda maganin ke fara taɓa wasu enzayim ba. Sirkawa mataki biyu ce: uwar haɗi ɗaya cikin ɗari a ruwan raino ta ba da maikromola 100, sai maikrolita 3 daga wannan a kowace mililita. Rukunin kwatance yana samun DMSO daidai wannan adadin. Gwajin Western, mai nuna yawan furotin, bayan sa'o'i 6 ya nuna EGFR mai fosfet, wato wanda ke kunne, ya ɓace, ERK mai fosfet da ke isar da saƙonsa ya faɗi, BIM mai jawo mutuwar ƙwaya ya tashi. Za a maimaita shi a kwana na 9 da na 14, domin in ERK ya farfaɗo EGFR na toshe, ƙwayoyin sun sami wata hanya ke nan, fassarar komai kuma ta sauya.

Laraba, 12 ga Fabrairu

Kwana na 9 na rukunin farko. An shuka ƙwayoyi 500,000 a kowane faranti mai faɗin santimita 10, aka bar su kwana ɗaya su kama, aka sa magani ranar 3 ga wata. Ana canza ruwa da sabon magani duk kwana 3. Kowace Litinin za a fara sabon rukuni don kada a rasa masu lafewa a hannu. An kuma ajiye farantai shida da gefitinib maikromola 1 a maimakon osimertinib, dalilinsu zai zo.

Mutuwa mai yawa tsakanin kwana na 2 da na 5 ta auku. Yanzu farantin kusan fili ne, sai ƙwayoyi jefi-jefi, manya, shimfiɗaɗɗu, wasu da dogayen hannuwa. Haka ciyawa ke yi da rani: sama ta bushe, saiwa na ƙasa tana jiran ruwan farko. Rinin EdU na sa'o'i 24 ya kama tsiraru ƙwarai, wato galibi ba sa kwafe DNA. Amma tsirarun suna nan, kuma ba abin rainawa ba ne. Aikin Yaara Oren da aka buga a 2021 ya nuna cewa masu lafewar da ke ci gaba da rarrabuwa sun fi sauran ƙarfin kariya daga lahanin oksijin, sun kuma fi ƙona kitse don samun kuzari. Idan haka ne, waɗanda suka fi haɗari wajen dawo da ciwo su ne za su fi wuyar kashewa da dabarar da za mu gwada.

Gawarwakin ƙwayoyi suna manne wa rayayyu su ɓata ƙidaya. Wanki biyu da PBS mai ɗumi a kowane canjin ruwa, a zuba ta bangon faranti a hankali. Masu lafewa ba sa riƙe roba da ƙarfi a makon farko, zubi kai tsaye yana ɗauke su.

Alhamis, 20 ga Fabrairu

Gwajin RSL3 na farko a kan masu lafewa na kwana 14. An wanke osimertinib, aka sa RSL3 daga nanomola 10 zuwa maikromola 3 na sa'o'i 72. Masu lafewa sun mutu a adadin da bai girgiza ƙwayoyin asali ba. Tazarar tana da faɗi har ta sa shakka.

Tushen gwajin: GPX4 enzayim ne mai ɗauke da seleniyam, aikinsa ya gyara kitsen bangon ƙwaya idan oksijin ya fara lalata shi, da taimakon glutathione, sinadarin kariya na cikin ƙwaya. In aka toshe shi, lalacewar takan yaɗu daga kitse zuwa kitse da taimakon sinadarin ƙarfe har bangon ya fashe. Wannan mutuwar ita ce feroftosis, sunan da Scott Dixon da Brent Stockwell na Jami'ar Columbia suka ba ta a 2012. A 2017 Matthew Hangauer da Michael McManus na Jami'ar Kaliforniya a San Francisco suka nuna masu lafewa na kansar mama, ta huhu, ta fata da ta ƙwan mace sun dogara da GPX4, domin glutathione da NADPH ɗinsu sun yi ƙasa. A ɓeraye ma, ƙwayoyin kansar fata A375 da aka cire musu GPX4 ba su sake tsirowa ba bayan magungunan kansar fata dabrafenib da trametinib.

To me ya sa shakka? Ƙwayoyin asali a farantin kwatance sun cika sun matsu da juna, masu lafewa kuwa a warwatse suke. Ba a kwatanta abu biyu masu kama ba.

Laraba, 5 ga Maris

Makonni biyun nan duk a kan batun cunkoso suka tafi, kuma sun cancanta.

Ɗakin binciken Xuejun Jiang a Memorial Sloan Kettering ya nuna a 2019 cewa ƙwayoyin da ke manne da juna suna tsira daga feroftosis. E-cadherin da ke haɗa su yana tayar da NF2, shi kuma ya danne YAP. In ƙwaya ta zama ita kaɗai, YAP ya shiga cibiyarta ya ƙara ACSL4 da mai karɓar transferrin, wato ƙarin kitse mai saurin lalacewa da ƙarin ƙarfe. Ga kuma lissafi mai sauƙi: RSL3 yana manne wa furotin ne dindindin, saboda haka yawan ƙwayoyi a rami yana rage abin da kowacce ke samu.

An shuka ƙwayoyin asali a matakai huɗu a faranti mai ramuka 6, daga 2,000 zuwa 200,000 a rami, aka sa RSL3 washegari. Na warwatse sun mutu a adadi ƙasa sosai da na cunkushe, alhali ba su taɓa ganin osimertinib ba. Da aka jera masu lafewa da ƙwayoyin asali masu yawa iri ɗaya, tazarar ta ragu ƙwarai. Ba ta ɓace ba, masu lafewa sun ci gaba da fin saurin mutuwa, amma babban kaso na abin da aka gani ranar 20 ga Fabrairu cunkoso ne ya jawo shi. A ganinmu duk rahoton da ya ce masu lafewa na da rauni ga feroftosis bai faɗi yawan ƙwayoyin kwatance ba, a karanta shi da taka-tsantsan.

An gwada ɗaga masu lafewa da tirifsin a sake shuka su daidai adadi. Ba ta yi ba. Da yawa ba sa sake kamawa, waɗanda suka kama kuma zaɓaɓɓu ne, ba sa wakiltar sauran. Hanyar da aka tsaya a kai: a samar da su a cikin farantin da za a yi gwajin, a ƙirga su a ramuka uku na gefe, sannan a shuka ƙwayoyin asali daidai wannan adadin kwana ɗaya kafin magani na biyu.

An kuma bar gwajin ATP, wanda ake auna yawan rayayyun ƙwayoyi da shi ta sinadarin kuzarinsu. Masu lafewa manya ne, yadda suke sarrafa kuzari ya bambanta, hasken da gwajin ke bayarwa bai yi daidai da yawansu ba. Yanzu ƙidayar cibiyoyi ake yi: rinin Hoechst ya nuna duka, propidium iodide ya nuna matattu, hoto tara a kowane rami.

Juma'a, 14 ga Maris

Tabbatar da irin mutuwar. Ferrostatin-1 maikromola 2 da liproxstatin-1 maikromola 1, masu hana feroftosis, kowanne ya ceto ƙwayoyin daga RSL3 kusan gaba ɗaya. Deferoxamine maikromola 100, mai kame ƙarfe, ya ceto su na sa'o'i 24, bayan nan shi kansa yana cutar da su, don haka a nan ake tsayar da wannan ramin. Z-VAD-FMK maikromola 20, mai hana afoftosis, wata irin mutuwar ƙwaya daban, bai ceci komai ba. Ferrostatin-1 ba ya daɗewa a ruwan raino, in gwaji ya wuce kwana biyu sai a sabunta shi, in ba haka ba a ga ceto ya ragu a ɗauka wata mutuwa ce ta shigo.

Rinin C11-BODIPY, maikromola 2 na minti 30, yana juyawa daga ja zuwa kore idan kitse ya lalace. Lokacin karatu shi ne komai: sa'o'i 2 zuwa 4 bayan RSL3, tun ƙwayoyin ba su fashe ba. A sa'o'i 24 gawa kawai ake aunawa. Hasken fitila ma yana juya rinin, farantin da ya jima a ƙarƙashin maikroskof yakan yi kore da kansa. A lulluɓe da takardar alminiyam, a ɗauki hoton kowane rami sau ɗaya. Masu lafewa suna da nasu ɗan hasken kore ko babu rini, dole a ajiye rami marar rini a cire wannan daga lissafi.

Matsala ta gaba ta RSL3 ce kanta. Wani bincike na 2023 ya nuna yana toshe TXNRD1, wani enzayim mai seleniyam, har ya kasa toshe tsantsar GPX4 a bututun gwaji. An maimaita gwajin da ML210, wani mai toshe GPX4, wanda sai ya shiga ƙwaya yake rikiɗa ya zama mai aiki, sakamakon ya bi sawu ɗaya. Duk da haka hujja ta gaskiya sai an cire GPX4 da CRISPR, dabarar yanke gado a DNA. Ƙwayoyin da aka cire wa shi sai an raine su cikin liproxstatin-1, a janye shi ranar da ake son gwaji. An fara wannan aikin.

Laraba, 19 ga Maris

Farantan gefitinib sun yi abin da aka ajiye su domin shi. A mako na shida, huɗu daga cikin shidan suna da gungu masu saurin girma, ƙwayoyinsu ƙanana, kamanninsu irin na PC9 na asali. An ɗebo su, gwajin DNA na ddPCR ya nuna T790M, sauyin gado a EGFR da ke sa ƙwaya ta bijire wa gefitinib. Waɗannan ba masu lafewa ba ne, tun farko suna cikin taron. Aaron Hata da Jeffrey Engelman sun bambance wannan a 2016: T790M na iya kasancewa tun kafin magani ya bayyana da wuri, yana kuma iya tasowa a makare daga masu lafewa. Na makare sun fi wuyar mutuwa ko da sabon maganin EGFR, sai da aka haɗa musu da navitoclax mai toshe BCL-XL, furotin da ke hana ƙwaya mutuwa.

Osimertinib yana kashe masu T790M, don haka ba su dame mu kai tsaye ba. Abin da suka nuna shi ne taron PC9 ɗinmu gauraye ne. Idan akwai masu T790M a ɓoye, ana iya samun masu ƙarin kwafin MET, wani furotin mai ba da umarnin hayayyafa, ko wani abin da osimertinib ba ya kamawa, gungunsu kuma a ƙirga shi a matsayin tsirowar masu lafewa. An fara fitar da zuriya daga ƙwaya guda: sirkawa zuwa rabin ƙwaya a kowane rami a lissafi, a duba da ido washegari a yi wa ramukan da ke da guda tak alama. Za a yi babban gwajin da zuriya uku da kuma taron asali.

Gwajin janye magani: masu lafewa na kwana 14 sun fara rarrabuwa cikin mako guda da wanke osimertinib, suka koma ƙanana. Bayan dashe uku aka mayar musu da maganin, suka mutu kamar ƙwayoyin asali, raunin da suke da shi ga ML210 kuma ya tafi. Ƙofar buɗewa take ta rufe, magani na biyu yana da lokacinsa.

Laraba, 2 ga Afrilu

An buɗe sabon rukunin FBS, sai ƙarfin RSL3 da ML210 ya faɗi a duka ƙwayoyin. Abu biyu ake zargi. Yawan seleniyam ya bambanta daga rukunin FBS zuwa wani, GPX4 kuma da shi ake gina shi. Haka bitamin E da ke cikin siram yana tare lalacewar kitse da kansa. Western ya nuna GPX4 ya fi yawa a sabon rukunin, kuma ƙara sodium selenite nanomola 100 a tsohon ya kawo irin wannan sauyin. An ware kwalabe daga rukuni guda da za su isa aikin har ƙarshe, za a riƙa rubuta lambar rukunin a kowane gwaji.

A gefe guda, bututun RSL3 da aka narkar aka mayar firiza sau da dama ya yi rauni idan aka jera shi da sabo. DMSO yana jan danshi daga iska, ɓangaren maganin da ke manne wa furotin kuma ba ya jure ruwa. Bututu ɗaya, amfani ɗaya.

Litinin, 14 ga Afrilu

An fara babban gwajin a farantai masu ramuka 6, ƙwayoyi 100,000 a rami, osimertinib nanomola 300 daga yau. Bambancin rukunonin shi ne ranar da ML210 maikromola 1 zai shiga, na kwana 3 kawai: rukuni na ɗaya yau tare da osimertinib, na biyu a kwana na 4, na uku a kwana na 11, na huɗu babu. Rukuni na biyar kamar na uku ne amma da liproxstatin-1, don a tabbatar duk wani tasiri ta hanyar feroftosis ya zo. Na shida ML210 da iFSP1, mai toshe FSP1, a kwana na 11. FSP1 kariya ce ta biyu da ba ta buƙatar GPX4, tana sabunta CoQ10 a bangon ƙwaya. Ɗakunan binciken Marcus Conrad a Munich da James Olzmann a Berkeley suka gano wannan aikin nata a 2019, kowanne a nasa ɓangaren. A lura iFSP1 na ɗan Adam yake kamawa, ba ya kama na ɓera, wannan zai shafi duk gwajin dabba nan gaba.

Kowane rukuni ya rabu biyu a kwana na 14. Rabi za a janye osimertinib a jira kwana 14, rabi su ci gaba da shi har mako 10. Na farko ya yi kusa da yanayin wanda aka yi wa tiyata, ya sha osimertinib shekara 3 kamar yadda aka tsara a gwajin ADAURA, sannan ya daina. Na biyu kuwa yanayin mai ciwon da ya bazu ne, wanda ke sha har ranar da maganin ya daina aiki. An haɗa da faranti na ƙwayoyin fibroblast na huhu marasa kansa, a ga abin da haɗin ke yi wa lafiyayyu.

Talata, 13 ga Mayu

An rina rabin da aka janye wa magani jiya: wanki da PBS, methanol mai sanyi minti 10, crystal violet kashi 0.5 minti 20, wanki da ruwa, a kife su bushe. Gungu ana ƙirga shi in ya kai ƙwayoyi 50. Ramukan rukuni na huɗu sun cika har gungu sun haɗe ba sa ƙirguwa, saboda haka an narkar da rinin da acetic acid kashi 10 aka auna duhunsa. Zagaye na gaba kwana 10 za a jira.

ML210 a ranar farko bai rage tsirowa da wani abin kirki ba. A lokacin ƙwayoyin suna cunkushe, ba su kuma shiga halin lafewa ba. A kwana na 4 ya rage kaɗan. A kwana na 11 ya fi ragewa nesa ba kusa ba, liproxstatin-1 kuma ya goge wannan ragin. Tsarin iri ɗaya ne a zuriya ukun da taron asali, ko da yake zuriya ɗaya ta fi sauran taurin kai. Babu rami ko ɗaya na ML210 shi kaɗai da ya fito fes, kowanne akwai gungu. Haɗin da iFSP1 ya share wasu ramukan gaba ɗaya, amma ya kashe fibroblast ɗin da yawa. Zagaye ɗaya ne wannan, sai an yi uku kafin a sa lambobi.

Ya kamata a faɗi nisan da ke tsakanin wannan farantin da gadon asibiti. RSL3 da ML210 kayan ɗakin gwaji ne, ba sa daɗewa a jini yadda za a ba mutum. Ko da an sami wanda ya daɗe, an nuna tun 2014 cewa cire GPX4 a jikin balagaggun ɓeraye yana kashe musu ƙoda cikin ɗan lokaci. Navitoclax kuma yana rage ƙwayoyin daskarar da jini, domin su ma da BCL-XL suke rayuwa. Abin da ya tabbata a jikin mutane zuwa yanzu shi ne haɗa magani tun farko: a FLAURA2, osimertinib da pemetrexed da maganin platinum sun kai wata 25.5 ciwon bai ci gaba ba, a kan 16.7 na osimertinib shi kaɗai, a MARIPOSA kuma amivantamab da lazertinib sun kai 23.7 a kan 16.6. Dukansu da ƙarin wahalar magani ga majinyaci. Amfanin gwajinmu shi ne batun lokaci: in har maganin na biyu gajeren zango yake buƙata, a daidai sanda ciwon ya fi ƙanƙanta, to gubar da ba za a iya jurewa ta shekara ba wataƙila a jure ta kwana uku.

Jinkirin ma yana da iyaka. Hideko Isozaki a ɗakin binciken Hata ta nuna a 2023 cewa maganin kansa yana tayar da APOBEC3A a cikin masu lafewa, enzayim da ke jefa sabbin sauye-sauye a DNA. Duk makon da suka ƙara a raye, dama ce ta samun C797S, sauyin gado a EGFR da ke hana osimertinib kamawa, ko wani abin da zai mayar da jurewa ta zama bijirewa ta dindindin. Saboda haka zagaye na biyu zai ƙara kwana na 7 da na 21, a ga inda ƙofar ta fi faɗi.

Laraba, 28 ga Mayu

Rabin da ke cikin osimertinib ya shiga mako na bakwai. Rukuni na huɗu ya fara fitar da ƙananan gungu masu jinkirin girma a wasu ramuka, rukuni na uku tukuna ba a ga komai ba, amma lokaci bai yi ba da za a ce an hana. An yi wa kowane gungu da'ira a ƙasan faranti da alƙalami, ana ɗaukar hotonsa duk Litinin. Ruwan raino a ramukan da ba su da ƙwayoyi da yawa ba ya sauya launi, kada wannan ya sa a tsallake canji: osimertinib ɗin ne ke raguwa, ƙwayar da ta tsiro a magani mai rauni kuma ba bijirewa ta yi ba.

Gungun da suka tsira daga ML210 a rabin farko an ɗebo goma sha biyu kafin rini, suna girma a faranti mai ramuka 24. Za a duba musu FSP1, ACSL4, GPX4 da SLC7A11 ta Western, sannan a mayar da su osimertinib a ga ko za su sake lafewa su sake jin ML210. Idan sun ji, tsirarsu ta sa'a ce ko ta cunkoson wuri, bugu na biyu zai iya kama su. Idan ba su ji ba, an zaɓo masu kariya ne, sai a koma kan FSP1.

Zuriyar da aka cire wa GPX4 ta samu guda biyu, Western ya tabbatar babu furotin ɗin, kuma suna mutuwa cikin kwana biyu in aka janye liproxstatin-1 alhali suna warwatse. Wannan ya dawo da matsalar cunkoso ta wata fuska, don haka kafin su shiga babban gwaji sai an nemo yawan shukar da ƙwayoyin asali marasa GPX4 za su rayu babu kariya. An shuka matakai biyar yau, daga 5,000 zuwa 400,000 a rami, za a janye liproxstatin-1 gobe a ƙirga ranar Asabar. Zagaye na biyu na babban gwajin zai fara Litinin 2 ga Yuni da FBS na rukunin da aka ware.